Wa Ya Ɗauki Hoton? Fashin Baƙi Kan Ɗora Hotuna a Wikimedia Commons

Mafi yawan hotunan da mai karatu ke gani a maƙalolin Wikipedia, har da ta Hausa, ba a cikin Wikipedia ɗin aka ajiye su ba. Suna zaune ne a wani rumbu na daban mai suna Wikimedia Commons, wanda aka buɗe a watan Satumba na 2004, kuma kafin ƙarshen 2023 abubuwan da aka tara a cikinsa sun haura miliyan 100, daga hotuna da taswirori zuwa sauti da bidiyo da tsofaffin takardu. Wanda ya ɗora hoton marinar Ƙofar Mata sau ɗaya, hoton nan zai iya fitowa a maƙalar Hausa da ta Larabci da ta Japananci ba tare da an sake ɗora shi ba. Kowa yana iya buɗe asusu kyauta ya ɗora abin da yake da shi. Sai dai sababbin shiga da yawa sukan dawo bayan 'yan kwanaki su tarar an goge hotunansu, an bar musu gargaɗi a shafinsu na tattaunawa, sai su ɗauka raini ne ko wariya. Akasari ba haka ba ne. Tambaya ɗaya ce ba su amsa daidai ba, wato wane ne ya ɗauki hoton, kuma mene ne ya yarda a yi da shi.

Sharaɗin rumbun ya fi yadda mutane ke zato tsauri. Ba ya karɓar komai sai abin da kowane mutum a duniya zai iya ɗauka ya yi amfani da shi ta kowace hanya, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Yana iya kwafa, ya yanke gefe, ya canja launi, ya haɗa da wani hoton, ya buga a littafin makaranta, ko ya yi kalanda da shi ya kai kasuwa ya sayar. Saboda haka idan mai hoto ya ce ya yarda a sa hotonsa a Wikipedia kaɗai, ko kuwa ya yarda a yi amfani da shi don ilimi kawai, wannan izinin bai wadatar ba, komai kyawun niyyar da ke bayansa. Dalili shi ne abin da ke Wikipedia ba ya tsayawa a Wikipedia. Ana kwashe shi a zuba a manhajoji irin su Kiwix don makarantun da ba su da intanet, ana buga shi, ana fassara shi, kuma duk wanda ya kwasa dole ne ya samu tabbacin cewa babu mai zuwa daga baya ya maka shi a kotu.

Tushen matsalar yana cikin yadda haƙƙin mallaka yake samuwa. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Najeriya ta shiga a 1993, haƙƙin yana tabbata ne a daidai lokacin da aka ƙirƙiri aikin, ba sai an yi rajista ba, ba kuma sai an rubuta suna ko an sa wata alama a jikin hoton ba. Ma'ana, kusan duk hoton da ke yawo a Facebook da WhatsApp da shafukan jaridu yana da mai shi, ko da an yi ta tura shi har an manta inda ya samo asali. Yawan yaɗuwar hoto ba ya mayar da shi na kowa. Haka kuma Google ba ya ba da hoto, nuna wa mutum inda hoton yake kawai yake yi, don haka wanda ya rubuta Google a gurbin tushen hoto ya faɗa da bakinsa cewa bai san mai shi ba.

Mai haƙƙin kuwa, a ƙa'ida, shi ne wanda ya ɗauki hoton. Wannan ne ya fi wuyar karɓa a wurin mutanenmu, domin a maganar yau da kullum idan mutum ya ce hotonsa, fuskarsa yake nufi. A ce wani malami sananne ne ake rubuta tarihinsa a Wikipedia, sai ɗalibinsa ya je ya same shi, malam ya ɗauko hoton da aka yi masa a situdiyo ya miƙa masa, ya ce ya yarda a sa. Malam ya yi abin da yake gani daidai ne, amma haƙƙin ba a hannunsa yake ba, yana hannun mai situdiyon. Biyan kuɗin ɗaukar hoto ma ba ya mayar da haƙƙin ga wanda ya biya, sai idan an rubuta hakan a yarjejeniya. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar haƙƙin a hannun mai hoto, ta ba wanda ya sa aka yi masa hoto don amfanin kansa da iyalinsa damar amfani da shi ba don kasuwanci ba, da kuma ikon hana a yaɗa shi. Wato ango yana iya hana mai hoto baza hotunan bikinsa, amma shi ma ba zai iya sakar wa duniya su a Commons ba sai da yardar mai hoton. Mallakar kyamarar ma ba hujja ba ce ita kaɗai. An ga haka a rigimar da ta biyo bayan 2011, lokacin da wani biri a tsibirin Sulawesi na Indunusiya ya latsa kyamarar David Slater, mai ɗaukar hoto ɗan Birtaniya, ya ɗauki fuskarsa. Slater ya nemi a cire hotunan daga Commons, Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia da Commons, ta ƙi a 2014 bisa hujjar cewa ba shi ya ɗauka ba, kuma a wannan shekarar ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana cewa ba ya yi wa hoton da dabba ta ɗauka rajista. Har yau akwai masu ganin an ƙwari Slater, tunda shi ya yi tafiyar kuma shi ya shirya kayan aikin, kuma maganarsu ba ta rasa nauyi ba, amma rigimar ta nuna inda ake fara duba.

A shafin ɗora hoto akwai matakin da ake tambayar mutum ko aikin nasa ne ko na wani. Nan ne mafi yawan ɓarnar take faruwa, domin zaɓin farko ya fi sauƙi, latsawa ɗaya mutum ya wuce, shi kuwa na biyu sai an kawo sunan mai hoto da inda aka samo shi da hujjar lasisinsa. Wanda ya sauke hoton jarumar Kannywood daga Instagram ya latsa cewa aikinsa ne, ya yi shaidar abin da ba gaskiya ba, ko da bai yi nufin yaudara ba. Masu sa kai da ke sintiri a rumbun kuwa sun san alamomin. Hoton da ya fito kai tsaye daga waya ko kyamara yakan zo da girmansa, tare da ɓoyayyen bayani a cikinsa mai nuna irin na'urar da ranar da aka ɗauka. Wanda ya bi ta WhatsApp yakan zo a matse, an share wannan bayanin, wanda ya bi ta Facebook kuma sau da yawa yakan zo da wata lamba mai farawa da FBMD da kamfanin ke cusa wa hotuna. Sai a haɗa da binciken hoto a TinEye ko Google Lens, a ga ya riga ya fito a wata jarida shekara biyu kafin ranar da mai ɗorawa ya rubuta. Ƙa'idar Commons ita ce nauyin kawo hujja yana kan mai ɗorawa, kuma idan shakka ta yi ƙarfi gogewa ake yi. Cewa mai hoton ba zai taɓa sani ba, ko ba zai damu ba, ba a karɓar ta a matsayin hujja. Wanda ya maimaita bayan gargaɗi ana iya toshe asusunsa.

Idan hoton na mutum ne da gaske, sai maganar lasisi. Yawancin lasisin da ake amfani da su na ƙungiyar Creative Commons ne, wadda aka kafa a Amurka a 2001, ta fitar da lasisinta na farko a Disambar 2002, sannan ta fitar da zubi na 4.0 a 2013. Uku ne suka fi yawa a rumbun. CC BY yana cewa kowa ya yi amfani da hoton yadda ya so, muddin ya ambaci mai shi. CC BY-SA ya ƙara sharaɗi guda, cewa wanda ya sarrafa hoton ya fitar da wani sabon abu daga cikinsa, dole shi ma ya saki nasa a kan irin wannan lasisin, kuma shi ne wanda shafin ɗorawa ya saba gabatar wa mutum. CC0 kuwa sakin haƙƙi ne gaba ɗaya gwargwadon yadda doka ta yarda, ko ambaton suna ba a wajabta ba. Akwai wasu lasisin na ƙungiyar masu ɗauke da haruffan NC, waɗanda suka hana kasuwanci, da masu ND, waɗanda suka hana sarrafawa, kuma duka biyun Commons ba ya karɓa. Mutane da yawa suna jin zafin ƙin NC, domin babu mai son wani ya ci riba da guminsa. Ina fahimtar wannan, amma ina ganin rumbun ya yi daidai, saboda iyakar abin da ake kira kasuwanci ba ta da tabbas. Makarantar kuɗi da ta buga hoton a takardar jarrabawa, da gidan rediyon da ke da talla a shafinsa, da mawallafin da ya sayar da littafin firamare don ya mayar da kuɗin bugu, duk za su shiga ruɗani, alhali su ne mutanen da aka tara hotunan dominsu.

Abin da ya wajaba kowa ya sani kafin ya latsa shi ne lasisin nan ba a janye shi. Ta wannan fuskar ya yi kama da wanda ya haƙa rijiya ya yi waƙafinta, ba ya dawowa bayan shekara ya ce ya fasa, a daina ɗiba. Ko da mutum ya roƙa an cire hoton daga Commons, wanda ba kasafai ake yarda ba idan hoton ya daɗe kuma ana amfani da shi, duk wanda ya riga ya kwafa yana da damar ci gaba da amfani da shi. Sai dai a CC BY da CC BY-SA mai hoto bai rasa mallakarsa ba. Sunansa yana biye da hoton duk inda ya je, kuma yana iya sayar da shi ga wanda yake so ya yi amfani da shi ba tare da waɗannan sharuɗɗan ba. Wanda sana'arsa ke nan ya kamata ya zauna ya zaɓi abin da zai saki da abin da zai riƙe. Masu shirya tarukan horarwa kuma nauyi ne a kansu su bayyana wannan filla-filla kafin su ce wa mahalarta su fara ɗorawa, domin ba daidai ba ne a sa mutum ya ba da kyautar da bai san girmanta ba.

To idan hoton na wani ne, kuma ya yarda fa? Cewa ya faɗa mini da baki, ko ga hoton hirarmu ta WhatsApp, ba ya isa. Hanya mafi sauƙi ita ce mai hoton ya buɗe asusu ya ɗora da kansa. In ba haka ba, sai ya aika da imel daga adireshin da za a iya gane nasa ne zuwa ga rukunin masu sa kai da ake kira VRT, wanda kafin 2021 aka sani da OTRS, ya bayyana cewa shi ne mai haƙƙin, ya ambaci hoton da sunan lasisin, ya kuma nuna ya fahimci kowa zai iya amfani da shi har a kasuwanci. Su za su adana wasiƙar a asirce, su liƙa lambar shaida a shafin hoton. Hoton da aka yi wa alamar rashin izini yakan samu kwana 7 kafin a goge shi, amma gogewar ba ƙarshen magana ba ce, domin idan izini ya iso daga baya ana dawo da shi.

Tsofaffin hotuna su ne suka fi jan rai, su ne kuma suka fi rikitarwa. Haƙƙin mallaka yana da wa'adi, idan ya cika aikin ya zama na kowa. A dokar Najeriya wa'adin hoto shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a, na rubutu da zane kuwa shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Amma Commons yana neman aikin ya kuɓuta a wuri biyu, a ƙasar da ya fito da kuma Amurka, inda gidauniyar take. Wata dokar Amurka ta ba ayyukan ƙasashen waje kariya idan suna da sauran wa'adi a ƙasarsu a ranar 1 ga Janairun 1996, kuma kariyar tana iya kaiwa shekara 95 daga wallafawa. Don haka hoton da wata jarida ta buga a Kaduna a 1970 yana iya zama na kowa a Najeriya tun ƙarshen 2020, amma yana da sauran kariya a Amurka. Hoton kaka da aka samo a ƙasan adaka shi ma ba ya zama mallakar jika don yana hannunsa. Idan kakan ne ya ɗauka da kansa, haƙƙin ya shiga gado, magada suna iya sakinsa. Idan mai hoton gari ne ya ɗauka, to nasa ne ko na magadansa har wa'adi ya cika.

Akwai kuma zaton cewa duk abin da gwamnati ta fitar na jama'a ne. Wannan gaskiya ne game da gwamnatin tarayyar Amurka, shi ya sa hotunan da hukumar NASA ta ɗauka daga sama masu nuna yadda Tafkin Chadi ya janye suke nan a rumbun, haka ma abin da ma'aikatan Muryar Amurka suka ɗauka da kansu, ban da hotunan kamfanonin dillancin labarai irin su AP da Reuters da tashar ta riƙa sakawa a shafinta. A Najeriya ayyukan gwamnati suna da kariya ta shekara 50, don haka hoton gwamna da aka sauke daga shafin fadar gwamnatin jiha ba ya shiga sai da izini a rubuce.

Wani tarkon shi ne mutum ya ɗauki hoto da hannunsa, amma abin da ya ɗauka aikin wani ne. Fostar fim, bangon littafi, allon talabijin, zanen da ke jikin kwalin kaya, duk hoton da aka yi musu ya ɗauko haƙƙin mai aikin asali ya taho da shi. Wikipedia ta Turanci tana ajiye irin waɗannan a gidanta, a ƙanƙance, bisa wani sassauci na dokar Amurka da ya halatta ɗan amfani da aikin wani don sharhi ko ilimi, amma Commons ba ya aiki da wannan sassaucin ko kaɗan, shi ya sa ganin fosta a maƙalar Turanci ba hujja ba ce ta ɗora irinta. Gine-gine da gumakan kan titi kuwa kowace ƙasa da hukuncinta. A Faransa ba a yarda a yi kasuwanci da hoton sabon gini ba sai da izini, don haka dalar gilashi ta gidan tarihi na Louvre, wadda aka kammala a 1989, ba ta shiga rumbun idan ita ce ainihin abin da aka ɗauka, alhali Beljiyam ta sassauta tata dokar a 2016. Ya kamata mai ɗorawa ya duba shafin da Commons ya ware wa ƙasarsa kafin ya ɗauki sabon gini ko mutum-mutumin shataletale. Hasumiyar Gobarau ta Katsina da Gidan Makama na Kano da babban masallacin Agadas, waɗanda maginansu suka rasu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, babu wannan damuwar a kansu.

Tsofaffin rubuce-rubucen hannu ma haka suke. Shafin da aka rubuta da ajami ko Larabci a zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya daɗe da zama na kowa, kuma matsayin Commons shi ne kwafe irin wannan shafin yadda yake ba ya haifar da sabon haƙƙi, bisa wani hukunci da kotun New York ta yanke a 1999. A kan wannan ne gidan adana hotuna na National Portrait Gallery da ke Landan ya yi wa wani mai sa kai barazanar ƙara a 2009, bayan ya kwashe hotunan tsofaffin zane-zane sama da 3,000 daga shafinsu, amma maganar ba ta kai kotu ba. Duk da haka, wanda ya shiga ɗakin karatun wani gidan malamai ya nemi yardar masu riƙe da takardun kafin ya ɗauka, domin amana daban take da doka.

Wannan ya kawo mu ga abin da lasisi ba ya rufewa, wato haƙƙin mutumin da ke cikin hoton. Mahayin doki a hawan sallah ko mai jawabi a taron jama'a ya san idanu suna kansa. Matar da ke daka a tsakar gida, da amarya a ɗakinta, da marar lafiya a gadon asibiti, suna wurin da ba a ɗaukar su sai da yardarsu, kuma ƙa'idar Commons ta tanadi haka. Na fi damuwa da hotunan yara, musamman almajirai, waɗanda ake ɗauka a bakin titi da kwano a hannu, a ɗora su da lasisin da ba a janyewa, su yi ta fitowa a rahotannin talauci har bayan yaron ya girma ya yi iyali. Doka tana iya ƙyale wannan, amma mai kyamara ya tambayi kansa ko zai yarda a yi wa ɗansa haka. A kuma lura cewa waya takan saka ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin ɓoyayyen bayaninsa, wanda yake da amfani ga hoton kasuwa ko dutse, amma yana iya nuna ƙofar gidan mutum.

Duk waɗannan sharuɗɗa sun fi sauƙi ga wanda ya fita da wayarsa ya ɗauki abin da ke kusa da shi, kuma a nan ne giɓin yake. Maƙaloli da yawa kan ƙauyuka da sana'o'i da abincinmu ba su da hoto ko ɗaya. Gasar Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014 da taken abinci, aka bi da tufafi da ado a 2015, da kiɗa da rawa a 2016, an ƙirƙiro ta ne don cike irin wannan giɓin. Amma hoto ba ya amfani idan ba a iya gano shi a cikin miliyoyi. A sa masa suna mai ma'ana maimakon jerin lambobin da waya ke ba shi, a rubuta bayaninsa da Hausa da wani harshen, a faɗi gari da shekara, a jefa shi a rukunin da ya dace, a kuma ɗora asalinsa mai girma, ba wanda ya bi ta WhatsApp ba.

Masu ɗauka daga rumbun su ma akwai nauyi a kansu, kuma shafukan labarai na Hausa da yawa suna sakaci da shi. Rubuta Wikipedia ko intanet a ƙarƙashin hoto bai cika sharaɗi ba. Abin da lasisin ya nema shi ne a ambaci sunan mai hoton yadda ya rubuta shi, a faɗi lasisin tare da mahaɗinsa, a nuna inda aka samo hoton, a kuma bayyana idan an yanke ko an gyara shi. Wanda ya tsallake waɗannan ya rasa izinin, ya koma matsayin wanda ya yi amfani da hoton wani ba tare da yarda ba, kuma mai hoton yana da damar bin haƙƙinsa. Zubi na 4.0 ya ba da ƙofar gyara, cewa idan mutum ya cika sharuɗɗan cikin kwana 30 daga ranar da ya gano kuskurensa, izininsa yana dawowa, ko da yake hakan bai hana mai hoton neman diyyar abin da ya riga ya faru ba.